Keke Mai Jan Sifirin

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka isa rumfar mai kekuna a kasuwar Sabon Birni shi ne wani jan sifirin, mai kaurin wuyan hannuna, maƙale a ƙarƙashin sirdin wani keke. Sai daga baya na ga sauran jikin keken. Shuɗi ne, mai manyan tayoyi masu ƙuraje kamar na babur, kuma tsakanin ƙurajen akwai busasshiyar laka baƙa wuluk. Ƙasar wajenmu ja ce, wani wurin fara-fara. Ko a fadama ban taɓa ganin laka mai baƙin wannan ba. Na tsaya ina tunanin ƙasar da aka tako ta, da wanda ya tako ta, kafin keken ya ƙetaro ruwa ya biyo ta Kwatano da Maraɗi ya zo ya jingina da wannan dirka.

Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan sirdin ya danna. Keken ya durƙusa, ya miƙe. Ya sake dannawa. Daga yadda hannunsa ya san wurin na gane ba ranar ya fara ba.

"Alhaji, ka dawo wurin budurwarka?" in ji mai kekunan. Mutumin Nijar ne, dogo, da ɗan kofin shayi a hannu. Baba bai je Makka ba, amma duk wanda ya tsaya a rumfar nan Alhaji ne. "Kasuwa ukku ke nan kana tahowa zance wurin wanga keke. Yau ko ka taho da shaida."

Baba ya yi murmushi a gefen baki.

Shekarar ce na gama firamare aka ba ni gurbi a sakandare cikin Sabon Birni. Ƙauyenmu yana wajen Kurawa, tafiyar da in an yi ta a ƙafa sai a iske an gama darasin farko. Da aka gama yankan gero na ji Baba daga bayan danga yana ce wa Inna, "A gaya ma waccan ta shirya ranar kasuwa."

Waccan ni ce. Ni ce 'yar fari, kuma Baba irin mutanen da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ƙannena yana kiransu, yana ɗora su a tankin babur, yana ja musu kunne. Ni kuwa in yana son ruwa sai ya ce wa iska, "A kawo ruwa," in kawo, in ajiye, ya kau da kai har in wuce. Ban ɗauki abin da zafi ba, haka na ga ana yi a gidaje da yawa. Na dai koyi duba wasu wuraren. Ranar kasuwa nakan iske goruba biyu a kan tagar ɗakinmu, ba wanda ya ce ga mai su, kuma ƙannena sun san ba nasu ba ne. In ya sayo rake, gaɓar tsakiya ce take saura a faranti. Da haka muke magana, ni da shi, kuma ya ishe mu.

Abin da Baba bai sani ba, Inna ma ba ta sani ba, shi ne na riga na iya keke fiye da yadda ake son yarinya ta iya.

A Isa na koya, gidan kawuna, inda nake zuwa duk dogon hutu. Yana da 'ya da ta girme ni da shekara ɗaya, taubashiyata ke nan, kuma ba ta taɓa bari in manta ba. Ina sauka daga mota za ta fara. "Ga baiwata ta iso. Aje kayanki ki ɗebo mani ruwa, baƙauya." Akwai wani tsohon keke a zaurensu, ƙarami, ba madigadi, ba ƙararrawa, birkin baya kawai. Bayan la'asar akan aike mu yanko haki wa awaki, sai mu tura shi mu tafi, wai don ɗauko buhu. Bayan gari akwai wurin da masu tubali suka haƙe ƙasa shekara da shekaru, ramuka da tuddai kamar an zubar da ƙwarya a kife. Mukan cika buhun cikin sauri, mu tattare hijabi mu ɗaure a ƙugu, da wando a ƙarƙashin zane tun daga gida.

Ita ta nuna mini yadda ake yi. Ba a zama. Ana tsayawa ne a kan feda, ƙafa biyu daidai, a lanƙwasa gwiwa. In an iso gindin tudu a danna keken ƙasa da dukkan nauyi, in an kusa kai a miƙe, sai ya taso ya biyo mutum. "Ba ki jawo shi da hannu, shashasha," takan ce. "Ƙahwa ka yin aiki. Hannu rakiya ya taho." Kwana shida na yi ina faɗuwa tana dariya har da riƙe ciki. Rana ta bakwai na tashi.

Ba nisa ba ne. In an auna, bai fi tsayin kujerar tsakar gida ba. Amma a ɗan lokacin nan ƙarar taya a kan tsakuwa takan ɗauke ɗif, ba a jin komai sai ɗan motsin sarƙa. Ni yarinya ce da in malami ya nuna ni a aji sai murya ta maƙale, ko na san amsa. A can sama ba mai tambayata komai. Wannan shirun nake komawa nema.

A hutun ƙarshe kafin ranar kasuwar nan, wata maƙwabciyarsu ta ba mu aron keken 'yarta, mai sifirin gaba da baya. A kan hanya, gaskiya, daɗi gare shi. Mutum ya bi ta kan rami kamar yana zaune a kwale-kwale. Sai muka kai shi tuddai. Na danna a gindin tudu yadda na saba, sai na ji kamar na taka katifa, ya shanye ƙarfin duka, da ƙyar tayar gaba ta rabu da ƙasa. Da na dira kuwa, sifirin ya dawo da abin da ya ci a lokaci guda, bayan keken ya yi sama kamar jaki ya yi tutsu, na wuce ta saman kan keken na sauka da gwiwa. Taubashiyata ta fara duba keken mutane tukuna, sannan ta dubi jinin da ke bin ƙafata. "Wanga na tsoffi na, masu ciwon baya," ta ce. "Tashi, baiwa ba ta kuka." Ta tauna ganye ta manna mini. Da na koma gida na ce wa Inna a bakin rijiya na zame.

Lokacin hanya lafiya lau take. 'Yan mata biyu su fita bayan gari su kai kusan magariba, abin da ake tsoro kawai faɗan Goggo, matar kawu. Yanzu su kawu sun koma Sakkwato, an rufe gidan da kwaɗo, mu ma mun dawo cikin gari. An ce mini ramukan sun cika da geza da tumfafiya. Wani lokacin ina zaune a aji sai in ji ƙafafuna sun daidaita da kansu a ƙarƙashin benci, ɗaya gaba ɗaya baya.

To wannan ce yarinyar da ke tsaye a bayan Baba a rumfar mai kekuna, kanta a ƙasa, tana kallon jan sifirin.

A can ciki, bayan wasu baƙaƙen kekuna irin na masu tallan kalanzir, akwai wani jingine shi kaɗai. Toka-toka ne, fentin ya koɗe. Gajere, sirdinsa ƙasa ƙasa, giya ɗaya. Yana da ɗan sifirin a gaba, bayansa kuwa ƙarfe ne zalla daga sirdi har taya. Na lura bakin kan keken na hagu ya goge, fedar hagu ma ta goge, dama kuwa lafiya. Mai shi na farko ya sha faɗuwa, kuma kullum ta gefe ɗaya. Mai zuwa aike ba ya faɗuwa haka. Na san abin da aka yi da keken nan.

"Tambaye ta ko ya yi mata," in ji Baba, yana duban shuɗin.

Mai kekunan ya dubi Baba, ya dube ni. "Wa za ni tambaya? Ga ta nan, ko tari ka yi tana ji." Sai ya buɗe baki. "Au. Ɗiyar hwari ta?"

Baba ya ciro asuwaki daga aljihu ya shiga duban rufin rumfa.

"Bon," in ji mai kekunan da Faransanci, ya ajiye kofinsa. "Yau na zama tahinta. 'Yar makaranta, babanki ya ce, ya yi maki?"

"Yana da kyau," na ce, a hankali.

"Alhaji, ta ce yana da kyau. Amma ni tahinta na mai gaskiya. Bakinta na nan, idonta na can." Ya nuna mai tokar da haɓa.

Baba ya juya ya dubi wancan, kallo ɗaya, irin wanda ake yi wa ramammiyar akuya. Sannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji ya yi a kaina ina wurin. Ya ce hanyarmu ba ta da kyau, in damina ta wuce babura sukan bar kwari a cikinta kamar kunyar gona. Ya ce shekara goma ya yi yana kai albasa kasuwa a kan baƙin keke, shi ya san abin da ƙarfe ya yi wa bayansa, har yau in ya yi ruku'u sai ya tuna. "Ba ni son ta isa aji ƙugu na ciwo. A zauna a yi karatu, ba a zauna ana murza baya ba." Duk wannan wa mai kekuna yake faɗa. Ni ina kallon yatsun ƙafata.

Na nemi hanyar da ba za ta taɓa kowa ba. Na ce wa mai kekunan, "Malam, ka ce mashi wanga ba shi da wurin ɗaura kariya ta ɗaukar kaya. In an aike ni niƙa fa?"

"Wannan gaskiya ta, Alhaji. Bayanshi motsi shi kai, kariya ba ta zama."

"Gaya mata akwai jaki gida," in ji Baba. "Ba don niƙa ni ka sayen shi ba."

Na sake gwadawa. "In sifirin ya lalace, mai facin garinmu bai san shi ba."

Mai kekunan ya sosa ƙeya. Ya so ya sayar da shuɗin, ko makaho ya san haka, amma ya ce, "Nan ma ba ta yi ƙarya ba."

"In ya lalace ni ka kawo shi nan da kaina."

Shi ke nan, dalilaina na fili sun ƙare. Saura na ɓoye.

"A bari ta hau su mana," in ji mai kekunan. "Takalmi ma sai an sa."

Akwai wani lungu a gefen rumfar, tsakanin masu tukwane da bangon wani shago. Na hau shuɗin na zauna daram, baya a miƙe, hijabi a sake, na je ƙarshen lungu na dawo kamar 'yar liman. Yana lilo a ƙarƙashina a hankali. Da na sauka na ga Baba yana gyaɗa kai shi kaɗai. Daidai nan wani abokinsa mai sayar da igiya ya ƙwala masa kira daga tsallaken hanya, ya tafi su gaisa.

Mai kekunan ya turo mini mai tokar. Ina kama shi na ji rashin nauyinsa. A tsakiyar lungun akwai ɗan tudun da aka yi don kare ruwan sama, bai kai taƙi ɗaya ba. Da shuɗin na bi ta kansa ban ma ji shi ba. Da wannan, wallahi ban yi niyya ba. Ƙafafuna ne suka miƙe da kansu, gwiwa ta lanƙwashe, na danna, na saki. Tayoyin biyu suka bar ƙasa tare suka dawo tare, ba ƙara. Wata mai tukwane ta ɗago kai, ta ga ba komai, ta mayar.

Na dawo na sauka. Baba yana can ya ba mu baya, hannunsa cikin na abokinsa. Mai kekunan kuwa ya tsaya da butar shayi a sama, bai zuba ba.

"Wala, ga shi nan," ya ce a hankali. "Wa ya koya maki wanga?"

Na shiga gyara hijabina.

"Na ga yara na yin shi a Maraɗi, bayan filin ƙwallo. Ban taɓa ganin mai hijabi ba." Ya leƙa wajen Baba, ya rage murya. "Ɗiyata, kin san keke, kin hi ni sani ma. Wanga mai toka shi ya dace da abin da ki kai. Amma ji nan. Na kai maganar kariya, na kai ta mai faci. Wagga ba ni kai ta. Ke za ki kai abinki."

Na riƙe kan keken. Na san abin da zai iya biyo baya in na faɗa. A fasa keken gaba ɗaya. A hana ni zuwa Isa. A yi wa Inna faɗa a kan ba ta sa ido, a aika wa kawu saƙo, taubashiyata ta sha duka ta dalilina. Duk wannan na iya ɗauka, ina jin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kasuwa ukun nan. Na hango shi yana baro gona, yana zuwa rumfar nan shi kaɗai, yana danna sirdi yana auna ramukan hanyarmu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da bai taɓa ce mini sannu ba ya sami abu mai taushi ya ce a ba ni. Ni kuma in ce ba na so.

Kuma shuɗin ba shi da laifi. Zai kai ni makaranta ya dawo da ni, ba ciwon ƙugu. In na yi shiru kowa zai koma gida da farin ciki. Sai dai kullum da safe za ni hau shi in zauna daram, in wuce Baba a ƙofar gida, yana kallon wata yarinya mai natsuwa da ba ni ba ce, yana jin daɗi. Shekara shida.

Baba ya dawo yana goge hannu a riga. Ya kama shuɗin ya fito da shi daga rumfa. "To, gaya mata ta riƙe wanga, mu ga abin da ya rage na ciniki."

"Alhaji, tahinta ya aje aiki," in ji mai kekunan. "Shayina ya huce." Ya ɗauki butarsa da ɗan murhunsa ya koma can ƙarshen rumfa, ya juya mana baya, ya shiga fifita gawayi kamar ba abin da ya fi shi muhimmanci a duniya.

Muka tsaya, ni da Baba, keke biyu a tsakaninmu. Wani mai kura ya wuce da jarkoki suna ƙara. Baba ya nemi wanda zai yi wa magana, ya dubi dama, ya dubi hagu, ba kowa. Ya sa babban yatsa yana goge wata ƙura da babu ita a kan sirdi.

"Ke," ya ce. "Mi na na?"

Na ƙara riƙe kan mai tokar.

"Baba, ina tsalle da keke."

"Tsalle."

"Bisa tudu. Can Isa, wurin masu tubali."

Na ga jijiyar gefen wuyansa tana motsi. Na jira faɗa, har na fara shirya inda za ni sa idona.

"Kina hwaɗuwa?"

"Wani lokaci."

"Da wane iri?"

Na ɗaga yatsa na nuna wanda ke hannunsa. Ya dubi jan sifirin kamar yau ya fara ganinsa. Ya danna sirdin sau ɗaya, a hankali, ya bar shi ya taso.

"Ban gane ba," ya ce. Ba da fushi ba. Yadda yake faɗa ne in gero ya ƙi a gonar da ya sa wa taki. "Ƙaƙa mai taushi za ya kada mutum, mai tauri ya bar shi?"

Na san amsar, amma a ƙafafuna take, ba a bakina ba. Ko da na iya jera ta, ba za ta shiga kunnen mutumin da ƙarfe ya cinye wa baya ba. Sai na tuna da muna shigowa gari a kan babur na ga wani wuri bayan kasuwa inda aka ɗebi ƙasar gini, da tudu biyu a jere, na farkon ya fi na biyun tsayi kaɗan. Na riga na auna su da ido tun lokacin, ban san don me ba.

Na ɗago kai. Rabon da in dubi fuskarsa daga kusa haka har na manta. Akwai furfura a gemunsa ta gefen dama da ban san da ita ba.

"Baba," na ce, "don Allah ka taho bayan kasuwa ka tsaya. In hau su duka biyu gabanka, wanda ka zaɓa bayan nan shi za ni ɗauka. Amma in na taso, kak ka kau da kai."